Kawu Injiniya da Jikan da Bai Samu Jana'iza Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Mun faɗe ta a asibiti, mun faɗe ta a bakin kabari, mun yi ta faɗar ta a gidan Kawu da ke Clinton, kusa da birnin Washington, har muryoyinmu suka dushe. Kawu yayan mahaifiyata ne, cikinsu ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Gumel ina budurwa ya sa ni makarantar aikin jinya a ƙasar nan. A hannunsa aka ɗaura mini aure, shi ne kuma ya kama mini ɗaki a Silver Spring da auren ya mutu ya bar ni da ɗan goyo. Ya rasu da hantsin wata Talata, lokacin da ganyen bishiyoyi ya fara zuba, aka kai shi makwancinsa washegari bayan azahar.

Maza suka zauna a falo, mu mata muka sauka ɗakin ƙasa wajen Hajiya, matarsa. Ni ce mai hawa da sauka da shayi da ruwa, shi ya sa na ga zaman ta kowane ɓangare. Direbobi 'yan Nijar sun zo tun da safe, sun jera motocinsu har ƙarshen layi. Wani daga cikinsu, mutumin Maraɗi, ya ga hoton Kawu a bango cikin farin kaki, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya, ashe tsoho soji ne? Wallahi ban sani ba. Shi ya raka ni har na samu permi na tuƙi, kullum cikin jallabiya nike ganinai."

Na ce masa soja ne, amma ya daɗe da ajiye aiki. Ya girgiza kai ya ce ikon Allah, ya koma ya zauna.

Da la'asar wasu dattawa suka iso, farare da baƙaƙe, tsofaffin abokan aikinsa na soja. Suka ga tarin takalma a bakin ƙofa, suka tuɓe nasu, suka shigo da safa suka tsaya a tsakiyar falo ba su san inda za su sa kansu ba. Babbansu, wani ƙato mai furfura, yana rungume da tuta a naɗe. Ya ce da an jinkirta binnewar da sun yi masa irin karramawar da suke yi wa nasu, amma kafin labari ya same su har an rufe shi. Hajiya tana takaba ba za ta fito ba, ni na karɓi tutar. Mutumin ya buɗe baki zai yi magana, kuka ya ƙwace masa. Na tsaya riƙe da tuta ina kallon ƙaton mutum yana kuka, ban san abin da ake ce wa irinsu ba, shi ma bai san abin da ake ce mana ba.

A lungun ƙofa kuwa akwai aminin Kawu na ƙuruciya, wani likita ɗan Zariya, wanda ya yi shekaru ba ya magana da Kawu. Shi ya yi masa wanka da hannunsa. Bai ci komai ba, bai sha komai ba. Da na kai masa shayi sai ya ce, "Na ɗaga shi, 'yar nan, babu nauyi ko kaɗan."

Kowa ya gama yi mini gaisuwa sai ya waiga ya tambaya, "Ina abokin nasa?" Ɗana suke nufi. Haka Kawu ke kiransa tun yana rarrafe, har sunan ya bi shi. Sai in ce yana bakin aiki, a can gabashin Afirka, ba a ba shi izinin zuwa ba. Wasu su ce Allah ya dawo da shi lafiya. Wasu su yi shiru, don sun san wanda ya sa shi aikin.

Ina zaune a gidansu Kawu ya shiga soja, don haka a gabana aka yi komai. Lokacin yana aiki da wani kamfanin gina hanyoyi da gadoji a Washington, ya kusa shekara arba'in, bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba. Wani abokin aikinsa ya ba shi labari cewa rundunar sojan ruwa tana neman injiniyoyi masu digiri da ƙwarewa a ɓangaren da ake ce wa rizab, wato sojojin ko-ta-kwana. Mutum yana nan a aikinsa na farar hula, ƙarshen mako ɗaya a wata ya sa kaki ya je atisaye, a shekara kuma ya ba su makonni biyu. Ba a fara mutum daga kurtu, kai tsaye ake ba shi muƙamin hafsa saboda karatunsa. Ranar da ya zo da maganar Hajiya tana yanka kuɓewa. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Sojan me?"

"Sojan ruwa."

"Kai ɗin? Wane ruwa ka sani ban da kududdufin bayan gidanku?"

Gaskiya ta faɗa, Kawu bai iya iyo ba, kuma ba a ɗaukar wanda bai iya ba. Sai ya yi rajista a wurin ninƙaya na unguwa, wata tsohuwar Baturiya tana koya masa kowace Asabar da safe. Yakan dawo idanunsa jajawur, kunnensa a toshe, ya zube a kujera ya ce yau ma ya rage musu ruwan kwatamin da cikinsa. Muna dariya, shi ma yana yi, amma Asabar na zagayowa zai ɗauki tawul ɗinsa. Na taɓa tambayarsa me ya yi zafi haka. Ya ce shi ya gaji da zama kamar baƙon da aka bai wa tabarma a zaure. In dai a nan 'ya'yansa za su tashi, yana so ya sa hannu a ginin gidan, don ranar da wani ya tambaye shi me ya kawo shi ya sami abin nunawa.

Abubuwa biyu suka fi yi masa ciwo, kuma ba ruwa a cikinsu. Na farko gemunsa, wanda ya ajiye tun yana jami'a, dole ya aske. Ya fito daga banɗaki fuskarsa fayau, 'yarsa ƙarama ta gan shi ta tsala ihu ta ɓuya bayan uwarta. Na biyu fasfonsa na Nijeriya. An ce hafsa ba ya riƙe ƙasa biyu, sai ya haƙura da ɗaya. Daga nan har ya bar duniya, in zai je Gumel sai ya nemi biza. Mahaifiyata, ƙanwarsa, takan tsokane shi ta ce ga Bature ya zo ganin gari. Yakan yi dariya. Amma na taɓa ganin ya tashi ya bar wurin.

An kai shi horo wani gari can arewa a bakin teku, cikin sanyi. Da ya dawo ya rame, ya yi ta ba mu labarin wani malaminsu da bai kai sa'ar ƙaninsa ba yana daka masa tsawa a kan gyaran gado da ninke riga. "Ni da na zana gadar da manyan motoci ke bi," in ji shi, "an tsayar da ni ana koya mini yadda ake tafiya." Ranar gwajin ruwa aka hau da su wani tudu aka ce su faɗa. Ya ce ya karanta duk addu'ar da ya sani, ya rufe ido ya saki jiki, ya tsinci kansa a sama yana numfashi, shi kansa bai san yadda aka yi ba. Daga baya aka tura shi makarantar injiniyoyin soja a can yamma, inda aka koya musu kafa sansani a fili fetal: hanya, rijiya, wutar lantarki, filin saukar jirgi, wurin tsayawar jiragen ruwa. Har ya yi ritaya bai taɓa yin mako guda a cikin jirgin ruwa ba. Yakan ce shi sojan ruwa ne na kan tudu.

Albashin ƙarshen makon ba wani abin a zo a gani ba ne kusa da abin da kamfani ke biyansa, shi ma bai taɓa ɗaukarsa na cefane ba. In ya taso daga atisaye ranar Lahadi sai ya biya ta wajen mahauci ya sayo rabin rago. Hajiya ta yi dambu ko tuwo, ɗalibai 'yan gida da ke jami'o'in yankin su cika falo, direbobi su leƙo tsakanin fasinja da fasinja. Yana zaune a ƙasa cikin jallabiya yana raba nama da hannunsa, yana bin kowa da tambaya: wane kwas kake, ka kira mahaifiyarka kuwa, wa ya duba maka takardar hayar nan kafin ka sa hannu. In yaro ya nuna sha'awar kakin, ba ya yi masa zaƙin baki. Sai ya zayyana masa komai: ga ɗan abin da za a biya ka, ga inshorar lafiya mai sauƙi, ga fansho amma sai ka yi shekara ashirin, kuma ba za ka taɓa shi ba sai ka cika sittin. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Amma ka ji da kyau. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da suka kira ka, ba tambayarka za su yi ba."

Ranar ta zo masa shi ma. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar Larabawa aka kira rukuninsu. A harabar masallaci bayan sallar Juma'a amininsa likita ya tare shi, a gaban mutane. Ina can ɓangaren mata amma muryoyinsu sun iso mu.

"Za ka je ka taya su yaƙar Musulmi?"

"Ni ba harbi zan je yi ba. Hanya nake ginawa, da gada, da rijiya."

"To wa zai bi ta kan gadar in ka gama?"

Kawu ya tsaya yana juya makullin mota a hannu, sannan ya wuce. Muka shiga mota muka kama hanya har muka kusa gida. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Ni ma na tambayi kaina." Daga ranar likita ya daina zuwa cin naman Lahadi, wasu ma suka bi bayansa. Sukan haɗu a sahu ɗaya su yi sallah, a yi sallama kowa ya kama gabansa.

Ya yi kusan shekara a can. Ya dawo da tari, ƙaramin tari busasshe da muka ɗauka na canjin iska ne. Ba ya son labarin wurin. Abin da kawai yake maimaitawa shi ne rijiyar da suka haƙa wa wani ƙauye, da wani dattijo da ya ji ya yi sallama ya riƙe hannunsa yana mamakin Musulmi cikin wannan kaki. Sai kuma hayaƙin ramin da ake ƙona sharar sansani, wanda ya ce ko a cikin abinci ana jin ɗanɗanonsa. Likitoci ba su taɓa ce mana ga tabbataccen dalilin ciwonsa ba. Ni dai ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda huhun mutumin da bai taɓa shan taba ba ya kamata ya kasance, na kuma ga hoton nasa.

Duk da haka ya cika shekarunsa ya yi ritaya da muƙamin kwamanda. Washegarin ranar ya jefar da rezarsa a kwandon shara. Gemun ya fito fari tas.

Rigimata da shi a kan ɗana ce. Yaron a jikinsa ya tashi. Ni ke ciyar da shi, a ɗakina yake kwana, amma duk Asabar Kawu zai zo ya ɗauke shi su tafi kallon gine-gine. Su tsaya ƙarƙashin gada yana nuna masa inda nauyi ke sauka. Wasan jika da kaka suke yi kamar a gida: yaron ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi ya ce masa malalaci ba ka iya Hausa ba. Kawu ya yi masa magana da Hausa, ya amsa da Turanci, haka suke hira har ya girma. Da ya karanta injiniyan gine-gine ban yi mamaki ba. Ya sami aiki a Gaithersburg, ya yi aure, na ce Alhamdulillahi na huta. Kwatsam wata rana wasu mutane biyu masu kwat suka ƙwanƙwasa mini ƙofa, suka ce binciken tsaro suke yi a kan ɗana, suna so su san danginmu na Nijeriya da yadda muke hulɗa da su. A bakinsu na ji cewa ya nemi shiga rizab, har ya yi hira da manyan hafsoshi, an duba lafiyarsa, ana jiran hukuncin kwamiti.

Ban ko sauya kayan aiki ba na kama hanyar Clinton. Na same shi a bayan gida yana ba tumatirinsa ruwa. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

"Kawu, shi kaɗai gare ni."

"Na sani."

"Ka sani, ka kai shi? Kana jin tarin da kake yi kuwa?"

Ya rufe famfo. Ya ce ba shi ya kai shi ba, yaron ne ya zo ya ce ya gaji da zana magudanar ruwa a kwamfuta, yana so ya gina abin da zai taka da ƙafarsa. Shi kuma ya gaya masa gaskiyar aikin ciki da waje, ya rubuta masa takardar shaida, ya haɗa shi da mai ɗaukar hafsoshi. "Da na hana shi, zai tafi ta wata ƙofar ba tare da mai nuna masa hanya ba."

Na ce, "Da ka gaya mini."

Ya ce, "Shi ya kamata ya gaya miki. Na ce masa ya yi, ya ji tsoro."

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ban yi fushi da sojan ba, ban ma iya yin fushi da ɗana ba, da Kawu na yi. Na daina zuwa Lahadi na tsawon watanni. Bai kira ni ya ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, amma duk Litinin zan tarar da kwanon nama a bakin ƙofata, wani direba ya ajiye. Har yau ban ce na yi kuskure ba, shi ma har ya rasu bai ce ya yi ba.

Da kwamiti ya amince, ɗana ya roƙi a bar Kawu ya rantsar da shi, tunda tsohon hafsa yana da wannan dama. A bayan gidan aka yi, kusa da tumatirin. Kawu ya sa kakinsa wanda ya yi masa yawa, yana karanta rantsuwar yana tsayawa ya yi tari, yaron yana maimaitawa. Na je, amma daga tagar kicin na kalla. Da suka gama ɗana ya ƙame ya sara masa. Kawu ya rama, sannan ya ce da Hausa, "To malalaci, yanzu sai ka koyi gyaran gado." Kowa ya yi dariya. Hajiya ta miƙo mini gefen mayafinta na share ido.

Ɗana ya riga ya iya iyo tun yana firamare, horon bai ba shi wahala ba. Ya yi 'yan shekaru yana zuwa atisayen wata-wata, har na fara sakin jiki. Sai kira ya zo. Aka tura su gabashin Afirka gyaran wurin tsayawar jiragen ruwa. Kamfaninsa ya ajiye masa gurbinsa kamar yadda doka ta ce, albashinsa ya koma na soja, matarsa ta dawo wurina da zama. Ranar tafiya Kawu bai iya zuwa filin jirgi ba, lokacin an riga an haɗa shi da tukunyar iska a gida. Ɗana ya je ya durƙusa a gabansa. Kawu ya dafa kansa ya ce ya riƙe sallah, ya kula da mutanen da ke ƙarƙashinsa, kada ya ci abinci sai sun ci.

Bayan 'yan watanni jikin Kawu ya rikice, aka kwantar da shi. Na yi shekaru ina tsaye a kan marasa lafiya irinsa, na san ma'anar kowace lamba da ke kan na'urar. Da ban sani ba da ya fi mini sauƙi. Likitan asibitin ya kira ni gefe ya ce in akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo yanzu.

Na bi hanyar da aka tanada don sanar da soja cewa wani nasa yana bakin mutuwa. Saƙon ya isa, ɗana ya nemi izini. Washegari wata hafsa ta kira ni, mace mai ladabi da taushin murya. Ta tambaye ni me mara lafiyan yake ga ɗana. Na ce kakansa ne. Ta ce mahaifina ne ko mahaifin babansa? Na ce yayan mahaifiyata ne. Ta ce a ƙa'idarsu izinin gaggawa na uwa ne da uba, da mata, da 'ya'ya, da 'yan'uwan ciki ɗaya, sai kuma wanda ya riƙi mutum a gidansa a madadin iyaye. Shin a gidansa yaron ya tashi?

Na so in ce e. Na ce a'a, a wurina ya tashi.

Na shiga yi mata bayani cewa a wurinmu babu wani suna da ake kiran wannan mutum sai kaka, cewa shi ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, shi ya nema masa aure, shi ya rantsar da shi cikin wannan kakin da yake sanye da shi yanzu. Turancin da na yi shekaru ina aiki da shi ya ƙi ɗaukar maganar. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta fahimta, za ta kai wa kwamandansu, amma aikin yana tsakiya kuma injiniyoyin kaɗan ne, kada in sa rai sosai. Ta ce ta yi mini baƙin ciki, na kuma yarda da gaske take.

Na koma ɗakin. Kawu ya kalle ni, ya ɗaga abin iskar daga fuskarsa.

"Sun hana ko?"

Na ce ana dubawa.

"Ba za su bari ba. Ba laifinsu ba ne." Ya numfasa da ƙyar. "Ni ma na hana. A can. Wani yaro ya zo, gwaggonsa ce ta rasu, yana kuka ya ce ita ce komai nasa. Na duba ƙa'ida na ce masa a'a. Muna tsakiyar zuba kankare." Ya mayar da abin iskar, ya ja, ya sake ɗagawa. "Na yi ta ganin fuskarsa kwanan nan."

Na gyara masa matashi.

Da yamma ɗana ya samu layi ya kira ta bidiyo. Na riƙe wayar a gaban Kawu. Yaron yana cikin wata rumfa, fuskarsa ta yi baƙi da rana, yana ƙoƙarin kada ya yi kuka. Ranar ce na fara jin ya yi doguwar magana da Hausa, Hausar tasa a karkace.

"Kaka, ka jira ni. Ina zuwa."

Kawu ya yi murmushi. Ya ce, "Kuna ba kankaren ruwa kuwa? Da zafin nan zai tsage."

"Muna ba shi, Kaka. Safe da yamma."

"Ku rufe shi da buhu."

"Mun rufe."

"To madalla." Ya lumshe ido, muka ɗauka barci ya yi, sai ya sake buɗewa. "Abokina, ka yafe mini."

Hoton ya tsaya cak, layin ya yanke. Muka yi ta kira bai shiga ba. Ban sani ba ko ya ji, kuma har yau ban iya tambayarsa ba.

Da amsar kwamandan ta zo cewa ba hali, Kawu ya riga ya cika. Wasu suka ce a ajiye gawar a sake roƙo, ko za a tausaya. Hajiya ta ce a'a, ya sha gaya mata kada a bar shi cikin firji yana jiran kowa. Aka yi masa sutura. Ɗana ya kira bayan kwana biyu ya ce magina 'yan ƙasar da ke aiki tare da su, da suka ji, sun ajiye kayan aiki bayan azahar sun zauna da shi a inuwar wata kwantena sun yi wa Kawu addu'a da harshensu. Ya ce bai gane ko kalma ɗaya ba sai amin.

Har yanzu yana can. Sun ce sai bayan sanyi.

Ranar addu'ar arba'in, mutane sun fara watsewa ina wanke kofuna, wata mata da muke sallah tare ta biyo ni kicin. 'Yarta ta gama karatun injiniya, ta yi shekara biyu tana aiki. Ta ce ashe yarinyar ta je wurin Kawu kafin ya kwanta, sun yi magana a kan rizab, ya ce ta dawo su ƙarasa. Yanzu ta nace sai ta shiga.

"Ke kin ga abin ta kowane gefe," in ji matar. "Don Allah me zan ce mata?"

Na tsame hannuna daga ruwan. Na gaya mata abin da na sani: irin horon da za a yi mata, ɗan albashin, inshorar, fanshon da sai an tsufa. Na gaya mata Kawu ya yi alfahari da kakinsa har ranar da ya rasu. Na gaya mata yadda huhunsa ya koma, da yadda aka binne shi ɗana yana wata nahiya.

Ta ce, "To in hana ta ke nan?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba. Wanda zai iya gaya miki shi ne muka taru dominsa."

Ta dubi tarin kofunan. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta ɗauki tawul, ina wankewa tana gogewa, har kofunan suka ƙare.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka daga ƙasa mai nisa da inda aka binne iyayensa. Ka san abin da ya gina da abin da ya kasa amsawa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sauƙaƙa masa numfashin da ya yi masa wuya a duniya, ka yafe masa. Waɗanda ke bakin aiki kuma, namu da na wasu, ka dawo da su ga iyayensu da rai.